Sunan Yaya Gana

Idan mace ta ba ki sirri, ta sa kika rantse, sirrin nan kuma ya kashe ta, bayan an rufe ta sirrin na wa ne? Nata ne har yanzu, ko ya zama naki? Na tambayi malamai biyu, kowa ya ba ni amsar da ta saɓa da ta ɗan'uwansa. Har yau ni Rahmatu ban samu wadda ta zauna mini ba. Ku masu karatu, in kuna da taku ku riƙe abarku tukuna, ku fara jin abin da ya faru a Haɗeja cikin bazarar 1997, saura mako biyar a ɗaura mini aure.

Lokacin shekarata ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare. Babanmu ya daɗe da rasuwa, daga ni sai Inna a gida. Yaya Gana ita ce 'yar farin Inna. Kun san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa da shi. To Innarmu ta riƙi wannan kunya fiye da duk matan layinmu. Shekara talatin da ɗaya Yaya ta yi a duniya, sunan da ta samu a bakin Inna shi ne "waccan". Idan ta zo daga Guri, inda take aure, da kwandon bandar kifi, za ta durƙusa a bakin madafa ta yi gaisuwa, Inna ta amsa wa tukunya. Mata suna ta yabo. Muna yara har gasa muke yi ko wani zai yi dabarar da Inna za ta yi suɓutar baki. Babu wanda ya taɓa ci.

Hutun ƙarshen shekarar 1995 na je Guri. Ina yi wa Yaya kitso da hantsi sai ta tura ƙofa da ƙafa, ta kama hannuna ta ɗora a nononta na hagu. Wani ƙulli ne kamar ƙwallon dabino, ba ya motsi.

"Ba ya ciwo," ta ce.

"Yaya, mu gaya wa Inna."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "In fara ta ina? Matar da ba ta taɓa kallon tsakiyar idona ba ce zan buɗe wa ƙirji? Rantse mini ba za ki faɗa wa kowa ba. Zai baje da kansa."

Na rantse. Wata bakwai na riƙe rantsuwar nan kamar ibada, har ina jin daɗi a raina cewa ni mai amana ce. Duk ƙarshen wata ina zuwa Guri. Daga ƙaramar sallah kuma, duk zuwa Inna za ta ƙulle wani garin magani a tsumma ta ajiye a kan jakata, ta ce, "Kai wa waccan, na ƙarfin jiki ne." Ni kuwa in kai, Yaya ta dama a kunu ta sha.

Da damina ta yi nisa abin ya fashe. Muka kai ta asibiti a Kano, likita ya dube ta, ya dube ni, ya ce dajin nono ne, ya kuma ce, "Ina kuke tun farko?" Aka dawo da ita ɗakin Inna, a nan ta ƙarasa wata huɗunta. 'Yan gaisuwa aka ce musu ciwon ciki ne. Inna ba ta zubar da hawaye ko ɗaya a gaban mutane ba. Mata suka sake yabo.

Wadda ta riƙa zuwa wanke wa Yaya ciwon a watannin nan ita ce Sista Dibora, 'yar Filato, shekara ashirin tana karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti da ke bayan kasuwa. Ita ce ta tare ni a ƙofar makaranta wata Alhamis, da lemarta da farin takalminta da ya sha ƙura.

"Malama, kin rame. Amarcin ne tun yanzu?"

"Zafi ne, Sista."

"Zafi ya ga ta kansa. Saurara. Daga bara zuwa yau mata biyar aka kawo mini irin na yayarki, duk sai da ya fashe. Na gaji da wanke ciwon da ba zai warke ba. Asabar ta sama za mu yi tattaki, daga ƙofar asibiti mu ratsa kasuwa mu kai gada mu dawo. A gan mu, a tambaya, mu ce mata su zo a duba su tun yana ƙarami. Wadda ba za ta iya tafiya ba ta aiko da shinkafa ko alkama, a sayar a riƙa kai marasa hali Kano. An ba mu izini, da sharaɗin ba ganga ba waƙa."

"Su wa za su fita?"

"Matan zumuntarmu sun yarda. Amma in mu kaɗai ne, cewa za a yi abin 'yan coci ne, matan cikin gari su rufe ƙofa. 'Yan gari nake so. Ki kawo mini ƙawayenki." Ta gyara riƙon lemarta. "Kowa za ta maƙala farin ƙyalle a gyalenta da sunan wadda take yi dominta. In ba ki so, ki tafi ba suna, ba dole."

"Da suna zan tafi," na ce, tun kafin in yi tunani.

Ku fahimce ni, ba jarumta ba ce. Haushi ne. Wata shida ina yawo da shi a ciki, ba ni da wurin saukewa.

Ranar Lahadi da yamma na nufi gidan su Saude. Aminiyata ce tun aji ɗaya, ita ce kuma telar da ke ɗinka ankon bikina. Atamfa ce koriya mai zanen ganye ruwan goro, sai da muka zaga kasuwa sau uku kafin mu daidaita a kanta. Na tarar da su su biyar a ɗaki, ƙyallaye a warwatse a tabarma, ana gwaji. Auta, wadda bakinta ba ya hutawa, tana tsaye gaban madubi tana fama da zif.

"Ga amarya ta zo duba leburorinta," in ji Auta. "Saude, faɗa mata gaskiya, ita ta sa kika matse mini riga don kada in fi ta fitowa."

"Tuwon da kike narka ne ya matse ki," Saude ta ce, ƙafarta na kan keke.

Na zauna a bakin gado na bari dariyar ta lafa. "Alfarma na zo nema. Ranar Asabar ina so ku sa ankon nan."

Keken ya tsaya.

"An matso da bikin ne?" in ji Auta. "Abdulwahid ya kasa haƙuri ke nan."

Na yi musu bayanin tattakin yadda Sista ta yi mini.

"Tafiya? A ƙasa, da ranar nan?" Auta ta dafe ƙugu. "Wane laifi muka yi miki? Ni dai shinkafa zan bayar, amma ƙafata tana gida."

"Anko in an gan shi ya mutu, Rahmatu," in ji Saude. "Ranar biki me za mu sa? Kayan da 'yan kifi suka riga suka gama kallo?"

"So nake a gan mu iri ɗaya. A san 'yan gari ne, a san ba ni kaɗai ba ce."

"Me za a ce muna yi wa tafiyar?"

"Dajin nono."

Auta ta toshe baki da ɗankwali. "A kasuwa? Gaban 'yan acaɓa? 'Yanmata shida ba mai aure, mu jera a titi ana nuna mu ana faɗin wannan kalmar? Wallahi har a ɗaura mini aure sunan da za su riƙa kirana ke nan."

Saude ba ta yi dariya ba. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. "Ke me ya haɗa ki da shi?"

Masu karatu, a nan na fara karya rantsuwata, a ɗakin tela, tsakanin almakashi da zare.

"Shi ya kashe Yaya Gana."

Ina kallo Auta ta ja gyale ta rufe ƙirjinta, ta ɗan matsa daga inda nake. Ba da yawa ba, kamar taki ɗaya. Har yau ina ganin takin nan.

"Ana ɗauka ne?" ta tambaya a hankali.

"Ana ɗauka. Ta madubi ma ake ɗauka, ki daina kallonsa."

"Daga tambaya?"

"Ku kun iya bin amarya a ƙasa har ƙarshen gari kuna guɗa don a ga zaninku. Kun iya zaga kasuwa sau uku saboda atamfa. Amma awa ɗaya saboda matar da ta yi muku kitso tun kuna da majina, ita ce ƙafa ke ciwo. Saude, wa ya koya miki taka keken nan?"

"Yaya Gana," in ji Saude. Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi ƙona ni. "Ban manta ba. Kwana bakwai na zauna kusa da ke a makoki. Duk wadda ta tambaye ni, ni nake cewa ciwon ciki ne, kina ji kina shiru. Shekara goma sha bakwai muna tare ba ki ga na isa in sani ba. Yau kuma kina so in ɗauka in kai kasuwa. Ba zan je ba. Ke ma kada ki je. Kin san Hajiya Yelwa."

Hajiya Yelwa ita ce mahaifiyar Abdulwahid. Na san ta kuwa. Na kuma san Saude ba ƙarya ta yi ba, wannan ne ya sa na fizgi nawa ankon daga kan keke, bakin zanin ko kalmasa shi ba a yi ba, na fita ban yi sallama ba.

Lokacin babu wayar hannu. Abdulwahid malamin gona ne a wajen masu noman alkama, wasiƙunsa a bayan takardar rabon taki yake rubuta mini, ya biyo da mashin ya ajiye a ofishin malamai. Ina da su cike da gwangwanin alewa. Ta ranar Laraba layi huɗu ce:

"Rahma, wata magana ta iso ni. Ba zan yarda da ita ba sai daga bakinki. Hajiya ba ta ji ba tukuna. Zan zo gobe bayan la'asar."

Kwana uku kacal bakin Auta ya ɗauka.

Washegari da ya zo, da gangan ban sa kwalli ba. Na yafa gyalen Yaya mai ruwan ƙasa, wanda take zuwa da shi daga Guri, na fita soro. Yana zaune a tabarma cikin farin kaftani, biro ya yi masa tabo a aljihu kamar kullum, ga ledar mangwaro a gefe. Ba zan ɓoye muku ba, ina son mutumin nan. Shi kaɗai ne in na yi magana yake jira in kai ƙarshe.

"Gaskiya ne, Malam," na ce, ko gama gaisawa ba mu yi ba.

Ya daɗe yana kallon tabarma. "Allah Ya ji ƙanta. Ta sha wahala ashe." Ya ɗago. "Ni ban damu ba, Rahma. Ko likita ya rubuto mini cewa ke ma za ki yi shi, zan aure ki. Amma kin san abin da ya faru da auren yayana. Daga an ce a dangin yarinyar akwai mai farfaɗiya, Hajiya ta aika aka kwaso lefe. Ita jikoki take dubawa. Za ta ce abin jini ne, za ta ce wa zai shayar da su."

"To?"

"Maganar 'yanmata zan iya kashe ta, in ce surutu ne. Amma in kika ratsa kasuwa da sunan a gyalenki, ba ni da abin cewa. Ki bari a ɗaura. Bayan nan in kin ga dama ki taka har Kano, ni zan riƙe miki ruwa."

"Wato in shiga gidanku da ƙarya."

"Shiru ba ƙarya ba ne."

"Shirun nan na san shi, Malam. Wata bakwai na yi ina renonsa. Ka san abin da ya zama da ya girma? Ni nake ƙona tsummokaran da ake cirewa daga ƙirjinta."

Ya runtse ido. "Zan aika wa Sista buhun alkama. Ya fi tafiyarki amfani, ke ma kin sani. Tafiya ba ta warkar da kowa."

"Buhu ba ya magana."

"Rahma, akwatunan da ke ɗakinki za su koma. Ba ni zan aiko ba, amma ba zan iya tarewa ba."

"In na fita za ka zo?"

Ya kau da kai. Na bar masa mangwaronsa na shige gida.

Inna ta ji komai, ƙofar soronmu langa-langa ce. Amma ba ta ce uffan ba sai washegari Juma'a da hantsi, ba ni da aji na dawo da wuri. Tana zaune a inuwar rumfa da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Ta tagar ɗakina ana hango akwatunan lefe guda uku a jere, an lulluɓe su da zanin gado.

"Zauna," ta ce.

Na zauna a turmi.

"Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Haka addini ya ce. Ke kuma za ki rataya a wuya ki zaga kasuwa, maza na kallo. Waccan ta tafi da suturarta, ki bar mata abarta. Ki kuma bar wa kanki aurenki. Yaron nan mutumin kirki ne."

"Waccan wa, Inna?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafa.

"Wa kike nufi? Mata da yawa sun mutu bara."

"Rahmatu, ki kiyaye ni."

"Ki faɗi sunanta. Sau ɗaya. Ba kowa a gidan nan sai ni da ke da kaji. Wallahi in kika faɗa na fasa fita, in ninke zanin in zauna in jira aurena."

Ku duba fa, hanya na ba ta mai sauƙi. Kalma ɗaya, ta tsira da auren 'yarta da sirrin gidanta. Ta dube ni, leɓenta ya motsa, sai ta mai da kai kan faifai.

"Ban faɗa tana raye ba. Ba zan fara don ki ji daɗi ba."

A nan abin da ke cikina ya ɓalle. Na miƙe tsaye a kan mahaifiyata, abin da ban taɓa yi ba.

"To bari in gaya miki abin da kunyarki ta saya. Tun yana kamar ƙwallon dabino na sani. Ta nuna mini, na ce mu zo wurinki, ta ce ta ina za ta fara da matar da ba ta taɓa kallon idonta ba. Ta sa na rantse. Wata bakwai, Inna. Likita ya ce da an zo da wuri da an yi wani abu. Ni na kashe ta da amana, ke kika kashe ta da kunya, mata kuma suna ta yaba mana."

Na jira mari. Na ma so shi. Inna ta ajiye faifan a ƙasa a hankali, kaji suka yo kansa, ba ta kore su ba.

"Kina tsammani don ban kalle ta ba ban gan ta ba?"

Ta ci gaba, idonta a kan kajin.

"Tun ƙaramar sallah na gani. Ta durƙusa gaishe ni ta ware hannun hagu daga jikinta. Ta daina saɓa yarinyarta a wannan kafaɗar. Shekara talatin da ɗaya da gefen ido nake kallonta, babu abin da ya taɓa wuce ni. Na je wurin matar wanzami na karɓo magani." Ta share hannu a zani. "Wanda nake ba ki."

"Na ƙarfin jiki."

"Na shafawa ne. A kwaɓa da man shanu a shafa a wurin. Bakina ya kasa faɗin wurin. Na ce in ta buɗe za ta gane na sani, za ta zo."

"A kunu take damawa, Inna. Ni na ce mata na sha ne."

Inna ta dube ni. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta, ba kuka ba ne, ban san sunansa ba. Ta tashi ta shige ɗakin da Yaya ta rasu ta turo ƙofa. Na tsaya a tsakar gida, kaji na cin shinkafarmu, ga haushi cike da ƙirjina, na rasa wanda zan ba shi. Mu uku, kowa ta sani, kowa tana rufa wa 'yar'uwarta asiri, har muka rufe ɗaya da ƙasa.

Ranar Asabar da safe na ɗaura ankon. Bakin zanin da ba a kalmasa ba na kama shi da fil. Na nemi gyalen Yaya a inda na rataye shi ban gani ba, na yafa farin nawa. Ƙofar Inna a rufe. Na yi sallama daga waje, ba a amsa ba.

A ƙofar asibiti na tarar da matan zumunta su goma sha ɗaya da zanensu iri ɗaya, sai wasu tsofaffi biyu daga unguwar masunta. A jikin bango ga buhun alkama, an liƙa masa takardar rabon taki, na gane rubutun tun daga nesa. Kusa da shi ga ƙullin shinkafa a ɗankwalin Auta. Na duba gabas na duba yamma. Koriyar atamfa mai ganye ruwan goro, a duk faɗin titin nan, a jikina kaɗai take.

A tsallaken titi akwai mai shayi ƙarƙashin darbejiya, maza sun cika bencinsa sun juyo suna kallonmu. A gefensu Abdulwahid ne a kan mashin, ƙafa ɗaya a ƙasa, bai kashe injin ba.

Sista Dibora ta dubi bayana, ta ga ba kowa, ba ta tambaye ni ba. Ta zauna a kan kujera da fararen ƙyallaye a cinya. Mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ta faɗi suna, ta rubuta da manyan baƙaƙe ta maƙala mata. Layi ya zo kaina.

"Malama, wane suna?"

Na ɗaga kai. Abdulwahid yana kallona. Ya girgiza kai kaɗan, irin yadda ba wanda zai lura sai ni. Ba umarni ba ne, roƙo ne.

Na ce ba zan ɓoye muku ba, to ga gaskiyar. Ni da na zage ƙawayena, na tsaya a kan uwata, na bar saurayina da mangwaro a soro, bakina ya mutu. Na tuna akwatunan nan uku. Na tuna gwangwanin wasiƙu. Na tuna hannun Yaya a kan nawa tana cewa rantse mini. Wa ya ba ni izinin tallata ta? Don matan gari nake yi, ko don in sauke nawa nauyin a kan gawarta? Na ji harshena yana haɗa kalmomin: Sista, bar shi ba suna.

"Ba ni ƙyallen. Ni zan maƙala."

Na juya. Inna ce, lulluɓe da gyalen Yaya mai ruwan ƙasa, silifas ɗinta duk ƙura. Matar da rabonta da titin kasuwa tun rasuwar Baba. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya gaban Sista, hannayenta biyu a damƙe cikin gyale.

Sista Dibora ta san gidanmu, ta san al'adar, wata huɗu tana jin "waccan". Ta miƙe tsaye. "Mama, ai na san sunan. Bari kawai in rubuta."

"A'a. Kowa faɗa ta yi."

Sista ta koma ta zauna, ta ɗora biro a kan ƙyallen. Leɓen Inna ya motsa, abin da ya fito iska ce kawai. Ta sake gwadawa, ƙarar mashin ta danne shi.

"Ban ji ba, Mama."

A tsallaken titi aka kashe injin. Wurin ya yi shiru har ana jin cokalin mai shayi a kofi. Inna ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai, ta faɗa da muryar da take kiranmu da ita daga ƙarshen layi muna yara.

"Hauwa'u. Ana ce mata Gana. 'Yata ce ta fari."